Damina Uwar Albarka, Yaushe Muka Fara Tsoronki?

A da, idan hadari ya haɗo daga gabas, gari duka ke ɗaukar murna. Yara su fito tsakar gida suna tsalle, mata su jera tukwane da bokitai ƙarƙashin indararo, magidanci ya ɗaga kai ya dubi sama ya yi hamdala, sannan ya shiga ɗaki ya lalubo irin da ya ajiye tun kaka. Yau kuwa hadari na haɗowa sai gaban mutane ya faɗi. Uwa ta shiga ɗora katifa a kan tebur, mai shago ya kama kwashe buhunan da ke ƙasa, wanda gidansa ke cikin kwari ya kwana zaune yana sauraron rufin kwano, yana leƙa 'ya'yansa. Ita ce dai daminar da kakanninmu suka yi wa kirari da uwar albarka, ita ce muke fita bayan gari mu yi sallar roƙo idan ta yi jinkiri. To me ya shiga tsakaninmu da ita har muke roƙonta da baki muna tsoronta a zuci?

Wanda ya manyanta ba ya bukatar a karanta masa jerin abin da ya faru, don da idonsa ya gani. A watan Agustan 1988 madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle a ƙasar Kano, aka daɗe ana ba da labarinta a matsayin abin da ba a saba gani ba. Yanzu irin wannan labari ya zama na kowace shekara. A 2012 ambaliya ta ci rayuka 363 a Najeriya, ta raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Daren 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta karye, Maiduguri ta wayi gari cikin ruwa, ruwan da bai bar fadar Shehu ba, bai bar asibitin koyarwa ba, bai bar maƙabarta ba, har namun gidan zu ya kwaso ya shigo da su unguwanni. A cikin wancan watan dai tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda ya tsaya da ƙafarsa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a gaban idon jama'a, a daminar da ta kashe mutum fiye da 300 a Jamhuriyar Nijar. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: ƙarshen watan Mayun 2025, damina ko zama ba ta yi ba, ruwa ya afka wa Mokwa da asuba, ya share unguwar Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka binne mutum fiye da 150, wasu ko gawarsu ba a gani ba. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Duk lokacin da irin wannan ya auku, kalma ɗaya ke fitowa daga bakinmu, manya da yara, masu mulki da talakawa: ƙaddara. Kuma gaskiya ne, babu ɗigon ruwan da zai sauko ba da izinin Mai sama ba, babu ran da zai fita kafin wa'adinsa. Mumini ba ya jayayya da wannan. Abin da ke damuna shi ne yadda muka mai da wannan kalma mai girma mayafin rufe sakacinmu. Iyayenmu sun fi mu imani da ƙaddara nesa ba kusa ba, amma ba su taɓa ɗaukar ta dalilin barin soro ba yaɓe har ruwan fari ya sauka ba. Sun san ƙissar Annabi Yusufu, wanda aka nuna masa shekarun fari tun suna nesa, bai naɗe hannu ba, ya sa aka tara hatsi a shekarun yalwa. Sun san labarin Sayyidina Umar da ya nufi Sham, ya ji annoba ta ɓarke a can, ya juya da jama'arsa, ya kuma fahimtar da masu mamaki cewa juyawar ma cikin hukuncin Allah take. A wurinsu tawakkali da tanadi tafiya ɗaya suke yi. Mu ne muka raba su, muka riƙe wanda ba ya bukatar gumi.

Akwai ma wata ni'ima da ba mu cika gode mata ba. Wasu ƙasashe masifarsu ba ta sallama. Girgizar ƙasar da ta auka wa Turkiyya da Siriya a watan Fabrairun 2023 mutane na barci ta same su, ta kashe fiye da 50,000, kuma ko a can sai da aka kama 'yan kwangila saboda benayen da suka gina da ha'inci. Mu tamu masifar da sanarwa take zuwa. Kowa ya san watanninta, kowa ya san unguwannin da take fara shiga, hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da ruwaye ta NIHSA suna fitar da gargaɗi tun rani bai ƙare ba, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Mu ji a rediyo, mu ce Allah Ya kiyaye, mu juya akalar hira zuwa siyasa.

Ba zan ɗora mana abin da ba namu ba. Yanayin duniya ya sauya, kuma ba manomin Gumel ko makiyayin Dakoro ne ya sauya shi ba. Hayaƙin masana'antu da na motoci da ƙasashe masu arziki suka kwashe fiye da ƙarni suna turawa sama ya ɗumama duniya, alhali Afirka duka abin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Iska idan ta ƙara zafi tana ƙara ɗaukar laima, kusan kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya, shi ya sa ruwan da a da yake sauka a hankali cikin mako, yanzu sai ya zubo cikin sa'o'i kaɗan. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Haka kuma mun yi yawa: ƙidayar 1963 ta ba Najeriya mutum kimanin miliyan 55, yau mun haura miliyan 200, ƙasa kuwa ba ta ƙara ko taki ɗaya ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya ga ruwa na ƙara ƙarfi, hankali cewa zai yi ya faɗaɗa masa hanya. Mu a daidai wannan lokacin muka tashi toshe ta.

Ku dubi yadda magabata suka zauna da ƙasa. Ba su yi karatun injiniya ba, amma sun san tudu sun san kwari. Gida a kan tudu ake kafa shi, fadama ta rake ce da shinkafa da lambu, bakin rafi na masunta ne da masu wanki da dabbobi. Idan baƙo ya zo neman wurin zama, mai unguwa zai kai shi wajen dattawan da suka ga damina hamsin, su ce masa nan ruwa na kwanciya, can kuma hanyarsa ce, kada ka kafa ko bukka. Ba wanda zai yi musu, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. A cikin birane irin su Kano da Katsina da Zariya, ramukan da aka haƙi ƙasar gini su suka zama kududdufai, kuma kududdufan nan ba banza suke zaune ba. Su ke karɓar ruwan unguwa idan an yi mamako, su riƙe shi, ya riƙa tsotsewa cikin ƙasa a hankali yana ciyar da rijiyoyi, abin da ya yi saura ya gangara Jakara ko wani rafin ya fice daga gari. Kududdufi na kowa ne, don haka ba mai iya cewa nasa ne.

Mu da muka zo da ilimi da takardun shaidar mallaka, sai muka dubi kududdufi muka ga fili. Aka fara zuba masa shara da sunan cikewa, shekara biyu uku sai ga tifa ta kawo jar ƙasa, sai ga fegi, sai ga harsashi, sai ga jerin shaguna. Fadamar da kakanmu ke yanko rake ta koma rukunin gidaje mai suna na ƙasaita. Tsakar gidan da a da ƙasa ce mai shan ruwa, mun malale ta da siminti har bakin ƙofa, don kada takalmi ya taɓa laka. Ruwan da ke sauka a kan rufin kwano dubu da daɓen siminti dubu ba shi da inda zai nutse, dole ya fito titi gaba ɗaya a lokaci ɗaya, ya nufi inda ya saba kwanciya tun kafin a haifi kakanninmu. Idan ya je ya tarar da ɗakin barcin wani a wurin, a nan zai kwanta. A daminar 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, kuma 'yan kasuwar da kansu suka nuna gine-ginen da aka ɗora a kan magudanai. A Mokwa ma hukuma ta ce ba madatsun Kainji da Jebba ne suka saki ruwa ba, ruwan sama ne mai ƙarfi ya zo ya iske an tare masa hanya da gine-gine.

A nan sai a yi hattara da inda za a nuna yatsa. Talakan da ya gina ɗaki biyu a bakin kwata ba don yana sha'awar kwana cikin ruwa ya yi ba, nan ne kuɗinsa ya kai. Amma wani ne ya yanka masa filin. Wani dillali ne ya kai shi da rani, lokacin da wurin ya bushe ƙayau, ya rantse masa ruwa bai taɓa zuwa nan ba. Wani mai unguwa ne ya sa hannu ya karɓi la'adarsa, wani ma'aikacin ofishin filaye ne ya buga hatimi, wani birkila ne ya ga laima a ramin harsashi ya yi shiru don kada aiki ya kuɓuce masa. Maƙwabta kuma suna kallo, kowa ya ce ba ruwansa. Idan aka bi wannan sarƙa daga farko zuwa ƙarshe, da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa ko ƙane ko suruki a cikinta. Waɗannan mutane sahu ɗaya muke bi da su a masallaci, kuma idan ɗayansu ya gina katafaren gida da irin wannan kuɗi, mu ne ke zuwa taya shi murna.

Sai batun kwata, wanda ya fi kowanne ƙanƙanta, ya kuma fi kowanne tona mana asiri. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, ma'aikacin tsafta na En'e, wanda idan aka hango shi a bakin layi sai gidaje su ruɗe da shara da wanke randa. Tarar da zai ci mutum ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne a ji a unguwa cewa gidan wane aka kama da ƙazanta, matar gidan ta kasa shiga biki, maigidan ya kasa zama a dandali. Kunya ce ke share gari a wancan lokaci, duba-gari tuni kawai yake yi. Kafin damina kuma akan yi shela, matasa su fito gayya da shebur da manjagara, a yashe lambatu tun daga kan layi har ƙarshensa, dattawa na zaune suna sa albarka, mata na aiko da kunu. Da kunyar ta fara ƙaranci, sai da gwamnatin soja ta 1984 ta tilasta mana tsaftar muhalli da bulala. Da aka ajiye bulalar, ranar tsafta ta koma ranar ramuwar barci.

Yau da zarar an fara yayyafi, sai ka ga yara na fitowa daga gidaje da kwandunan shara a ka, ana tura su su juye a kwata don ruwa ya tafi da ita. Wa ya aike su? Mu ne. Ina ruwan zai kai ta? Ƙofar gidan wani Musulmi ɗan'uwanmu da ke gangare, ko bakin kwalbatin da zai toshe ya maido mana da ruwan cikin ɗaki. Sharar yau kuma ba irin ta da ba ce. Ta da toka ce da ganye da kashin awaki, manoma har roƙonta suke yi su kai gona. Ta yau leda ce da robar lemo da ledar fiya-wata, abin da ƙasa ba ta ci, wanda zai shekara aru-aru yana nan yadda aka yar da shi. Mutum na cikin mota mai tsada, sanye da shadda mai maiƙo, ya sha ruwa ya sauke gilashi ya wurgo leda kan titi, ɗansa na kujerar baya yana kallo. Ni mai wannan rubutu ban isa in ce hannuna bai taɓa yi ba, kuma na san mai karatu ma haka. Muna wanke gaɓoɓinmu sau biyar a yini, muna koya wa yara cewa kawar da ƙazanta daga hanya sadaka ce, amma tsaftarmu a bakin zaure take tsayawa.

Idan aka bar gari aka shiga daji, abin da ido zai gani ya fi wannan ciwo. Bishiya ba inuwa kaɗai take bayarwa ba. Ganyenta ke karya ƙarfin ruwan sama kafin ya doki ƙasa, saiwarta ke riƙe ƙasar tana buɗe wa ruwa ƙofofin nutsewa, jikinta ke tare iskar da ke kwashe albarkar gona da rani. Inda aka share itatuwa, ƙasa takan daskare ta yi tauri, ruwa ya riƙa gudu a kanta yana yankar ta, ya bar zaizaya a gona, ya kwashi yashi ya cika cikin kogi da cikin madatsa. Kogin da cikinsa ya cika da yashi kuwa ba shi da wurin ajiye ruwa, sai ya fantsama cikin ƙauyuka. Gatarin da ke kawo hamada da rani shi ne dai ke kawo ambaliya da damina.

Magabata sun san haka ko da ba su faɗe shi da wannan lafazi ba. Manomi na sassabe zai bar gawo a tsakiyar gona, don ya san gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani. Ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya dukiya ce da ake gado, har rabon gado akan yi da su. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin dokar Sarki Tanimu a kan mai saran gawo. A zamanin En'e, gandun daji na da malamin daji, mai saran ɗanyen ice kuma ɓoyewa yake yi. Yanzu fa? Tireloli ne ke fitowa daga dazuzzukanmu da rana tsaka, maƙare da buhunan gawayi, an ƙone ƙirya da marke har da kaɗanyar da mata ke samun man kaɗe a jikinta. Madobiya an yi mata ɗibar karan mahaukaciya a Taraba da maƙwabtanta ana lodawa zuwa Sin. Masu haƙar yashi sun cinye gaɓar koguna har gindin gadoji. Na san iskar gas ta yi tsada, kananzir ya fi ƙarfin talaka, kuma tuwo ba ya dahuwa da wa'azi. Ba zan ce wa uwar marayu ta daina hura ice ba. Amma tsohon da ya sare ɗaya yakan dasa biyu, ya kewaye su da ƙaya, ya yi ta ban ruwa alhali ya san ba zai ci 'ya'yansu ba. Mu kuwa muna cin na waɗanda suka shuka, ba mu bar wa na baya komai ba, sai dashen biki da ake yi gaban kyamara, akuya ta cinye kafin manyan baƙi su isa gida.

Kada a ɗauka ina cewa zamanin da aljanna ne. Sun sha wuyar da mu ba mu sha ba. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta yi ɓarnar da tsofaffi suka daɗe suna faɗa da rawar murya. Farin 1973 ya ƙarar da garkunan shanu, na 1984 ya kori dubban mutane daga ƙauyukansu, Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ƙanƙance har ya koma kimanin kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980. Bambancin shi ne su wuya takan koya musu darasi. Magidancin kirki ba ya buɗe rumbun bana sai na bara ya ƙare, kuma abin kunya ne a ji ya sayar da hatsinsa tun a gona don biki ko ƙarin aure. Ba ma sai an koma nesa ba. Bayan farin 1984, manoman ƙasar Maraɗi suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a tumɓuke kututture a ƙone, sai a bar tohon da ya fito daga tsohuwar saiwa, a zaɓi masu ƙarfi a rage sauran, a yi ta kula da su har su zama bishiya. Ba injin, ba kwangila, wuƙa ce kawai da haƙuri. Da wannan dabara aka farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Hausawa ne 'yan'uwanmu, harshe ɗaya, ƙasa iri ɗaya, ruwan samansu ma bai kai na Kano ko Zariya ba. Duk wanda ya ce ba zai yiwu ba, tsakanin Jibiya da Maraɗi ba wata tafiya ba ce.

Hukuma na da nata kason, kuma babba ne. Madatsar Alau ta taɓa jefa Maiduguri cikin ambaliya a 1994, shekara 30 cif kafin ta 2024, tsawon da ya isa a yi kowane irin gyara. Tun da Kamaru ta kammala madatsar Lagdo a 1982 ake maganar gina ta Dasin Hausa a Adamawa don ta tare ruwan da ake sakowa cikin Binuwai, har yau magana ce. A kwarin Haɗeja, tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa tafiyar ruwa ta sauya, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin kogi, manoman Auyo da Kirikasamma da Guri suna kuka shekara da shekaru. Waɗannan ba aikin shebur da gayya ba ne, kuma wajibi ne a ci gaba da tambayar inda kuɗin gyara suke shiga. Sai dai laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Jami'in da ya karkatar da kuɗin yashe madatsa ba daga sama ya faɗo ba. A gidanmu aka haife shi, mu muka yi masa tarbiyya, kuma ranar da ya samu muƙami mu muka cika masa zaure da bukatun da albashinsa ba zai iya ɗauka ba. Wanda ya riƙe amana ya sauka ba shi da ko gida, mu ne ke kiransa wawa a bayan idonsa.

Abin da ya fi sa ni baƙin ciki ma shi ne halinmu bayan ruwa ya janye. Ba na musun alherin da ake gani, don a Maiduguri an ga matasa da kwale-kwale suna ceto, an ga gidajen da suka buɗe ƙofa ga waɗanda ba su sani ba, kuma wannan ya nuna tushen bai mutu ba. Amma a gefe guda, a da idan gobara ko ruwa ya ci gidan mutum, kafin rana ta faɗi maƙwabta sun kawo dami, wani azara, wani zana, kuma mai karɓa kansa a sunkuye yake. Yanzu akwai mai tsayawa ɗaukar hoto da waya yayin da ɗan'uwansa ke neman hannun da zai kama. Akwai mai shiga gidan da masu shi suka gudu ya kwashe abin da ruwa ya rage. Idan kayan agaji suka zo, wanda ko ƙafarsa ba ta jiƙe ba shi ne a gaban layi da sunayen 'ya'yansa goma, gwauruwar da ta rasa komai tana can baya, buhun da aka rubuta ba na sayarwa ba ne kuma washegari yana kasuwa. Wace irin zuciya ce ke cin riba da hawayen maƙwabci?

Duk waɗannan, in aka bi su a hankali, wuri ɗaya suke komawa: mun daina tsawatar wa juna, mun kuma daina karɓar tsawa. A da ɗa na kowa ne. Dattijo zai ga yaro na zuba shara a hanya ya daka masa tsawa, uban yaron ya zo har gida ya yi godiya. Yau ka ce wa yaron maƙwabci kul, sai uwarsa ta yafo mayafi ta zo jin dalili. Ka ce wa mai gini ya ja baya daga magudana, ya ce da kuɗinka ko da nawa, gobe kuma ka ji sammaci. Da dattawa suka ga haka sai suka kama bakinsu, suka koma jan carbi, mu kuma muka ɗauki shirunsu a matsayin zaman lafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

'Yan'uwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba mu da iko da hayaƙin Turai da Amurka da Sin, ba kowa ne zai iya kai kuka Abuja ko Yamai ba, amma kowane magidanci na da iko da taku goma na kwatar ƙofar gidansa, kowace uwa na da iko da inda za ta aiki ɗanta da kwandon shara. A bar wani yanki na tsakar gida ba siminti, a dasa ko darbejiya ɗaya a ƙofar gida a ɗora wa yaro alhakin ba ta ruwa, ya tashi ya san wahalar rainon bishiya kafin a ba shi gatari. Mai neman fili ya je ya gan shi a watan Agusta, ya tambayi tsofaffin wurin kafin ya tambayi dillali. Limamai su ɗauki hasashen damina da muhimmancin da suke ba sanarwar ɗaurin aure, su faɗa wa jama'a bayan sallar Juma'a cewa unguwa kaza na cikin haɗari bana, a san inda za a kai tsofaffi da yara tun kafin dare ya yi. Masu unguwanni su dawo da gayyar yashe lambatu a watan Afrilu ko Mayu, attajirin layi ya fito da kansa ko ya aiko da 'ya'yansa, kada ya aiko da kuɗi kawai, don yaran talakawa su ga cewa aikin ba na marasa galihu ba ne.

Mafi wuya shi ne batun wanda gidansa ya riga ya zauna a kan hanyar ruwa. Ba a ce wa mai iyali tashi alhali ba a nuna masa inda zai sa kai ba, ba a kuma bar shi ya toshe wa unguwa duka hanya don ana jin nauyinsa. Wannan magana ce ta zama a zauren mai unguwa tun da rani, da liman da dattawa da wanda ya sayar masa da filin, shi ma a kira shi ya zo ya ji, ya kuma fito da wani abu daga abin da ya karɓa. Idan ta kama a haɗa masa kuɗin fili a kan tudu, a haɗa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, a kuma je wa ƙaramar hukuma da murya ɗaya a kan ragowar. Filin da ya bari kuma a rubuta a takarda, da shaidu, cewa na ruwa ne, don kada bayan shekara biyu a wayi gari wani ya sake kafa masa fegi.